Neman kalma: me za mu kira ƙarfen da ke shata gurbin ɗinkin fata?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu dukanci da masu kishin harshe. Akwai wani ƙarfe da na daɗe ina aiki da shi, amma duk sanda zan koya wa wani sai in ji bakina na cewa "miƙo min abin nan mai haƙora". Turawa na ce masa pricking iron. Ina so mu tsayar masa da suna namu.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba: ƙarfe ne mai mariƙi, tsawonsa kamar tafin hannu, ƙasansa faffaɗa da haƙora a jere. Kowane haƙori a karkace yake, tazararsu ɗaya, ba ƙari ba ragi. Za ka fara jan layi da kamfas, ƙafa ɗaya na bin bakin fatar, ɗayar na zanawa. Sai ka dasa haƙoran a kan layin, ka ɗan buga da gudumar katako ko ta roba. Kana ɗagawa za ka ga 'yan tsage-tsage sun jeru duk sun kwanta gefe guda. In za ka ci gaba, haƙorin farko ake mayarwa cikin tsagar ƙarshe, shi ya sa tazara ba ta ɓacewa komai tsawon ɗinkin. In an zo kwana a ajiye babban, a ɗauki mai haƙora biyu.

Abin da nake so a riƙe kafin a kawo suna: wannan ƙarfe ba ya huda fata. Shaida kawai yake bari. Basilla ce ke bin kowace tsaga ta huda, tana bin karkatar da haƙorin ya nuna mata, sannan allurai biyu masu dakusasshen baki su ratsa da zare mai kakin zuma, ɗaya ta nan, ɗaya ta can.

Sunan farko da aka ba ni shi ne mahuji. Ginin kalmar lafiya lau yake, daga huda, kamar yadda buɗa ta ba mu mabuɗi. Amma ban yarda da shi ba, kuma ina da dalili. Farkon shigata wannan aiki na ɗauka duk ƙarfe mai haƙora na huji ne. Na haɗa kirgi ninki biyu, na yi ta dukan ƙarfen ina so ya fito ta baya. Haƙoransa gajeru ne, suna ƙara kauri zuwa sama, don haka ramukan fuskar fatar suka wage, na baya kuwa ko alamarsu. Garin zare shi na lanƙwasa shi gefe, haƙori ɗaya ya karye a ciki. Har yau abin na min ciwo, don ƙarfen kirki ne. In muka ce masa mahuji, kowane sabon shiga zai yi abin da na yi, sunan ne ma zai sa shi.

Kuma mahuji yana da mai shi. Akwai ɗan'uwansa da ake kira stitching chisel, mai dogayen haƙora sirara, wanda aka ƙera don ya ratsa fata gaba ɗaya. Masu ƙira na Japan sun yi fice a irinsa. Wannan shi ne mahuji mai haƙora, a bar masa sunansa. Ga mai koyo ma shi na fi ba da shawara ya fara saya, domin riƙe basilla a kusurwa ɗaya sau ɗari a jere sai hannu ya faɗa.

In kuwa aka ce a kira ƙarfen namu cokali mai yatsu, kama ce kawai, bai ce komai a kan aikin ba. Madoshi na maƙera ne, kuma bakinsa ɗaya.

Abin da nake kawowa shi ne mashacin ɗinki.

Ku duba kalmar da kyau. Muna cewa an shata layi, an shata iyakar gona, an shata filin gini: wato an nuna inda abu zai bi kafin a yi shi. Aikin ƙarfen nan ke nan daidai. Sannan mashaci tsohuwar kalma ce ta abin shace gashi, ɗan'uwan mataji, abu mai haƙora a jere. Sai ga siffa da aiki sun haɗu a kalma ɗaya, ba mu ara ba, ba mu ƙago ba. Harafin t ya koma c a gaban i, kamar mota da motoci, jam'insa mashatai. Wani ya ce min za a rikita shi da na gashi. Ban ga haka ba. Allurar tela da allurar likita suna ɗaya suke amsawa, ba wanda ya taɓa ruɗewa.

Da mun samu sunan, sai maganar lamba, don a nan masu saye ke shan wahala. Mashatan Ingila ana ƙirga su da yawan ɗinki a inci ɗaya, ni taku nake cewa. Inci milimita 25.4 ne, don haka lamba 8 na nufin taku 8 a inci, tazara kimanin milimita 3.2. Na Faransa, irin na kamfanin Vergez Blanchard, da tsohon incinsu suke awo, mai kimanin milimita 27. Shi ya sa lamba 8 ɗinsu ke ba da 3.38, lamba 9 ta ba da 3, lamba 10 ta ba da 2.7. In ka haɗa lamba 8 ta Ingila da lamba 8 ta Faransa a aiki ɗaya, kafin ka yi nisa ramuka sun saɓa. Saboda haka mu daina kiran lamba tsurarta, mu riƙa cewa mashaci mai tazarar 3.38, ko mahuji mai tazarar 4. Walat da maɗaurin agogo ƙaramar tazara suke so da siririn zare. Jaka da bel sun fi kyau da mai faɗi. In zare ya yi wa tazara kauri, karkatar nan mai kyau sai ta shafe, ɗinkin ya cunkushe.

Saura guda da ban samo masa suna ba tukuna: ɗan tayan nan mai ƙayoyi da ake garawa a kan layi, yana barin ɗigo-ɗigo. Shi ma shatawa yake yi, ba ya huji, sai dai yana saurin kaucewa in hannu ya yi rawa. Na gwada mashaci mai taya, na gwada mashacin garawa, bakina bai zauna da ko ɗaya ba. Iyayenmu dukawa da malaman harshe, wanne ya fi muku daɗin faɗa, ko akwai sunan da kuka gada?