Sabulun Ruwa Na Wanki Yana Rabuwa Gida Biyu Bayan Ya Kwana

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san sana'ar haɗa sabulun ruwa. Tsadar omo ce ta sa na fara haɗa sabulun wankin kaya a gida, amma duk lokacin da na haɗa, idan ya kwana sai in tarar ya rabu gida biyu: wani farin abu mai kauri ya kwanta a ƙasan bokiti, ruwa tsararo kuma ya taso sama, kumfarsa ba ta da ƙarfi.

A ruwa lita 20 nake zuba naitirosol (garin da ke sa sabulu kauri) giram 125, salfonik asid (sinadarin da ke cire datti) lita 1, teksafon (sinadarin da ke sa kumfa) giram 250, soda ash (farin garin da ke ƙara ƙarfin wanki) rabin kilo da kostik soda giram 100. Nakan jiƙa kostik da soda ash tun da dare, kowanne a robarsa, in dama naitirosol a ruwa har ya yi yauƙi, sannan in zuba kostik, salfonik da teksafon, soda ash ya zo daga ƙarshe.

Da na yi zargin ruwan burtsatsenmu, wanda yake barin wani farin abu manne a tukunya, sai na koma ruwan leda, amma ba abin da ya sauya. Na rage kostik, sabulun ya daina cin hannu, sai dai rabuwar tana nan. Na kuma ƙara lokacin juyawa da muciya, abin da bai hana komai ba.

Shin soda ash ɗin ne ya yi yawa a wannan ma'aunin har yake raba sabulun? Na gode.