Babur ɗina yana ɗauke wuta jefi-jefi tun bayan da aka yi masa ƙare-ƙare

Ɗan Rigasa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana wayarin babur da ke wannan zaure. Babur ɗina mai injin 125cc ne, kuma kafin damina aka ƙara masa fitilun LED guda biyu a gaba, da oda irin ta mota, da cajar waya, da na'urar hana sata mai rimot. Da farko komai yana tafiya daidai, amma daga baya sai ya riƙa ɗauke wuta na ɗan lokaci ina cikin tafiya, fitilar allon mita ta yi ƙyaftawa, injin ya yi kamar zai mutu sannan ya farfaɗo, wani lokacin kuma ya mutu gaba ɗaya. Abin ya fi yawa a hanya mai gargada da kuma bayan an yi ruwan sama, amma idan na kai shi wurin gyara sai ya ƙi nuna komai. An canza filogi, an canza batir, an canza CDI (akwatin da ke sarrafa wutar filogi), duk ba ta sauya zane ba, yanzu kuma ana ce mini in sayi sabon rektifaya (na'urar da ke daidaita wutar da ke cajin batir). Shin in saya, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Mai Riwaya na Panteka ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka dakata da sayen rektifaya tukuna, domin kayan da ya ƙone ba ya gyara kansa bayan minti biyu. Matsalar da ke zuwa tana tafiya, musamman idan gargada da ruwa ne ke tayar da ita, kusan kullum a mahaɗar waya take, ko kuma a wayar da ta karye a cikin robarta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne injin da fitilar allo suna ɗaukewa tare. A yawancin ƙananan baburan da ke bin tsarin launin waya irin na Honda, koriyar waya ita ce ta at, wato wadda ke haɗe da bodi, ja tana fitowa daga batir, baƙa tana ɗauko wuta bayan an murɗa makulli, baƙa mai ratsin fari kuma ita ce ke kashe injin idan ta taɓa bodi. Duba bayan CDI ɗinka: idan akwai baƙar waya mai ratsin ja da ta taso daga maganeto (abin da ke samar da wuta idan injin yana juyawa), to injinka ba ya dogara da batir wajen ba da wuta ga filogi, saboda haka rauni a batir ko a rektifaya ba zai kashe shi ba. Abin da zai iya taɓa ɓangarorin biyu a lokaci guda shi ne wayar at ko kuma makullin kansa.

Ga yadda nake yi a shago. Ina ɗora babur a kan tsayuwar tsakiya, in cire kujera da tanki idan da hali, in tayar da shi da man da ya rage a kafireto, sannan in riƙa juya kansa dama da hagu har ƙarshe, ina kuma girgiza damin wayoyi da hannu wuri bayan wuri. Wuyan babur shi ne wurin da na fi zargi, domin a nan wayoyi suke lanƙwasa duk lokacin da aka sha kwana, kuma masu saka fitilu suna yawan ɗaure sabuwar waya a wurin da ƙarfi har ta rasa sararin motsi. Idan ka ja waya a hankali ka ji robar tana miƙewa, to ƙarfen cikinta ya tsinke ko da a ido lafiya lau take.

Baban Khalifa ya amsa:

Ni a ganina, Malam, kaya ne suka yi wa babur ɗin yawa. Fitilu biyu masu wat 20 kowacce suna jan sama da amfiya 3 a kan bolt 12, ga oda ta mota wadda ta fi ta asali cin wuta nesa ba kusa ba, alhali maganeton ƙaramin babur ba don irin wannan nauyi aka yi shi ba. Ka cire su duka ka huta.

Mai Riwaya na Panteka ya sake amsawa:

Baban Khalifa, lissafinka daidai ne, kuma za mu dawo kansa, amma yawan kaya yana rage cajin batir ne sannu a hankali, ba ya kashe injin a kan rami sannan ya sake shi. Inda nake tare da kai shi ne a cire ƙarin kayan, sai dai a cire su ɗaya bayan ɗaya, ana gwada babur ɗin a kan hanyar da ya saba yin laifin, domin idan aka cire su duka a tashi guda ba za a san mai laifi ba. A fara da na'urar hana sata, saboda ita ake haɗawa da wayar kashe injin, kuma sau da yawa murɗe wayoyin kawai ake yi a naɗe da baƙin salatif ba tare da dalma ba. Da ruwa ya shiga wurin, sai wutar ta sami hanyar zuwa bodi, injin ya ɗauka an kashe shi da makulli. Ina roƙon duk mai yin wannan aiki ya fara cire wayar da ke kan alamar ragi ta batir, kuma kada a kuskura a ɗaura zaren waya a madadin fis, domin tankin mai yana zaune ne a kan waɗannan wayoyin.

Ɗan Rigasa ya dawo:

Allah ya saka da alheri, Oga. Mun bi yadda ka faɗa, kuma da aka juya kan babur zuwa hagu har ƙarshe sai injin ya mutu nan take. Da aka kwance salatif a wuya, an tarar koriyar waya saura silli biyu ko uku ke riƙe da ita, mahaɗar na'urar hana sata kuma ta yi tsatsa kore shar. An yanke, an haɗa da dalma, an bar wa wayoyin sarari, kuma tun daga nan bai sake ɗaukewa ba har a hanyar Rigasa bayan ruwa. Saura abu guda: da mita muka auna batir, yana nuna bolt 12.6 a kashe, 14.1 idan an tayar da injin an ba shi wuta, amma idan aka kunna dukkan fitilu a silo, wato injin yana aiki ba a ba shi wuta ba, yana sauka zuwa 12.2.

Mai Riwaya na Panteka ya amsa:

Madalla. Adadi biyun farko sun nuna batir da rektifaya suna da lafiya, tunda abin da ake nema idan injin yana aiki shi ne tsakanin 13.5 da 14.5. Na ukun kuwa shi ne maganar Baban Khalifa, wato a silo kana cin wuta fiye da wadda maganeto ke bayarwa, don haka ka riƙa kashe ƙarin fitilun a cikin cunkoso irin na Kawo ko na Kasuwar Barci. Ka sa a ja wa fitilun da odar wayarsu daban daga batir, kowanne da fis ɗinsa kusa da batir da kuma rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa), yadda makulli zai riƙa kunna rilen kawai ba tare da duk wutar ta bi ta cikinsa ba. Cajar waya kuma a mayar da ita kan baƙar waya ta bayan makulli, domin idan tana manne da batir kai tsaye tana shan wuta kaɗan-kaɗan ko da babur yana ajiye. Bayan an gama, ka sake aunawa a silo da fitilun a kunne, ka kawo mana adadin.