Neman gidan haya da aka gyara a tsohuwar Alƙahira

Baban Hafsa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da niyyar kawo iyalina Alƙahira a sabuwar shekarar karatu, kuma tunda darussana a unguwar Darrasa suke, a Kulliyar Usuluddin ta Jami'ar Azhar, ga kuma zaman karatu da nake halarta a masallacin Azhar, na fi son in kama gida inda zan riƙa takawa da ƙafa. Wani dillali ya nuna mini hotunan wani sashe a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Darbul Ahmar, ɗaki biyu da falo, an yi masa sabon fenti da tayil. Ina neman shawararku kafin in ba da kafin alƙalami.

Dattijon Zaure: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a zo a sa'a. Kada ka biya ko sisi a kan hoto, domin gyara iri biyu ne a wannan unguwa. Akwai gidajen da aka yi wa gyara tun daga tushe, kamar waɗanda gidauniyar Aga Khan ta taimaka aka farfaɗo da su a Darbul Ahmar a lokacin da take aikin lambun Azhar, wanda aka buɗe a 2005. Akwai kuma waɗanda mai gida ya kira mai fenti ya shafe bango kawai don haya ta yi tsada. Babbar cutar gine-ginen wannan yanki ita ce ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke hawa bango yana ɗauke da gishiri, kuma fenti yana iya ɓoye shi na 'yan watanni ne kaɗai. Idan ka je, ka fara da ƙofar shiga da ƙarƙashin matakala, inda ba a cika damuwa da yi wa kwalliya ba. In ka ga filasta ta kumbura, ko wani farin gari yana zubowa idan ka goga hannu, to ka san halin da ginin yake ciki, ko da sashenka na sama yana ƙyalli. Ka ɗaga kai ka dubi tsagewar bango a matakala, domin girgizar ƙasa ta Oktoban 1992 ta taɓa tsofaffin gidaje da yawa a nan.

Maman Sadiƙ: Baba ya faɗi gaskiya, ni kuma zan yi magana a madadin uwargida, tunda ita ce za ta wuni a gidan. Malam, ka buɗe famfon kicin da na banɗaki a lokaci guda ka ga ƙarfin ruwan, domin a hawa na uku sai da injin tura ruwa, kuma ya kamata ka san ko na sashenka ne shi kaɗai ko na tarayya, da wanda zai biya idan ya lalace. Ka tambaya ko akwai gas na bututu ko tukunya za ku riƙa saye, saboda yawancin waɗannan benaye ba su da lifta, kuma hawa da tukunyar gas ko da yaro a goye ba ƙaramin aiki ba ne. Sannan ka shiga ɗakunan da rana tsaka ka kashe fitila. Lungunan suna da matsi, wani ɗakin rana ba ta leƙa shi sam, kuma a sanyin Janairu shanya kan kwana biyu ba ta bushe ba.

Ɗan Damagaram: Yaya, ni da za ka ji tawa, da ka nemi gida a Abbasiyya ko Madinatu Nasr, inda 'yan uwanmu suka fi yawa, gine-ginen kuma ba su tsufa haka ba. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, layi na uku, zai sauke ka a tashar Babush Sha'ariyya, daga nan ka ƙarasa. A kusa da masallacin Husaini da kasuwar Khan Khalili ba a barci da wuri, musamman a watan azumi da lokacin maulidin Sayyidina Husaini.

Dattijon Zaure: Ɗana, maganarka tana kan hanya game da kewayen Husaini da titin Mu'izz, amma Darbul Ahmar tana ɗaya ɓangaren titin Azhar ne, wajen tsohuwar ƙofar gari ta Zuwaila, kuma hayaniyarta ta masu sana'a ce: kafintoci, maƙera da masu ɗinkin rumfuna na Khayamiyya. Lungu ya bambanta da lungu, shi ya sa nake ba Malam shawara ya je sau ɗaya da hantsi, ya sake komawa bayan isha'i, ya tsaya ya saurara. Wanda zai riƙa sallar asuba a Azhar ya zauna karatu bayanta, kusancin nan ya fi masa faɗin falo amfani.

Malamar Lissafi: Ni batun takarda zan ƙara. Ka tabbata wanda zai sa hannu shi ne mai gidan, ko wakilinsa da ke da takardar wakilci, domin a tsofaffin unguwanni akwai masu zaune a kan tsohon tsarin haya, wato yarjejeniyar da aka ƙulla kafin dokar 1996, kuma wani yakan gyara sashen ya ba baƙo haya alhali ba shi da ikon yin haka. Idan rigima ta tashi, kai ne za a fitar. A rubuta tsawon wa'adi, da ƙarin da za a yi kowace shekara, da kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, sannan ku je ofishin Shahrul Aƙari, wato ofishin gwamnati na rajistar takardu, a tabbatar da takardar, saboda za ta yi maka amfani wajen neman iƙama, wato izinin zama a ƙasar, a ofishin fasfo na Abbasiyya. Ka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa a ranar da ka karɓi makulli. Ka kuma tuna cewa UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya tun 1979, don haka kada ka fasa bango don saka na'urar sanyaya ɗaki sai da rubutaccen izinin mai gida.

Baban Hafsa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira dillalin, ya ce mai gidan yana zaune a hawa na farko, mitar wutar kuma ta kati ce. Da na tambaye shi batun injin ruwa sai ya ce zai bincika, ladansa kuma kuɗin hayar wata ɗaya yake nema.

Dattijon Zaure: Zaman mai gida a cikin ginin alama ce mai kyau, domin ba zai bar rufi yana yoyo a kansa ba. Ladan wata ɗaya shi ne abin da aka saba, amma kada ka ba shi sai an sa hannu. Ka sa mana rana bayan la'asar in raka ka, ka kuma taho da cajar waya mu gwada soket ɗin kowane ɗaki, tunda sau da yawa ana sauya murfin soket a bar tsohuwar wayar wuta a cikin bango.