Yarona ya ƙi rubuta kalmar illuminate

Maman Khalifa, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya yarona ya zo da aikin gida na Turanci, an ce su gina jimla da kalmar illuminate. Ya ƙi taɓa biro, wai abokansa sun ce kalmar 'yan Illuminati ce. Na ga tsoro a idonsa sosai. Na san ma'anarta haskakawa, amma na rasa bayanin da zai kwantar masa da hankali. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya gaya mana yadda ya yi.

Malamin Turanci, Bukuru:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Kusan duk shekara sai na gamu da wannan a ajina. Abin da nake yi, in sa a rufe tagogi, in haska allo da tocilar waya, in ce musu to ga illuminate nan. Asalinta daga Latin ne, lumen, wato haske. Ita kuwa Illuminati ƙungiya ce da Adam Weishaupt ya kafa a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1776, hukuma ta haramta ta a 1785. Sun ari sunan ne don suna ganin kansu masu hasken ilimi, amma kalmar ta girme su da ɗaruruwan shekaru. Nakan ce wa yara, Nura da Munir duk daga nur suka fito, in wani mai suna Nura ya yi abin kunya ai ba a daina kiran haske da sunansa. Ki kuma koya masa furucin, nauyin yana kan gaɓa ta biyu, lu.

Mai Wayarin, Dilimi:
Malam ya taɓo inda nake ci. Na taɓa karɓar aikin wani gida a Rayfield, takardar ta ce a yi illuminate ɗin harabar. Na fara lissafi da wat kamar yadda ubangidana ya koya min, sai injiniyan ya ɗauko kwalin ƙwan lantarki ya nuna min adadin lumen. Ya ce wat wutar da ƙwai ke sha ce, lumen kuma hasken da yake bayarwa. Tsohon ƙwan nan mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, na LED mai wat 9 ma haka. Ranar ya gyara min wani abu kuma: ƙwai kunna shi ake yi, wurin da hasken ya sauka shi ake illuminate.

Ɗalibar Jami'ar Jos:
Ni a kan takardar bincikena na gan ta. Malamina ya rubuta a gefe cewa misalin da na kawo ya yi illuminate ɗin hujjata. Daga baya na gane daidai take da namu na “ƙarin haske”. Mama, ki faɗa masa haka, ai yana jin ana cewa a yi ƙarin haske a rediyo kullum.

Ɗan Alaramma, Gangare:
Tawa ta fi taɓa min zuciya. Na kai wani baƙo gidan tarihi na Jos, hira ta kai mu kan littattafan da aka rubuta da hannu, sai ya ce Alƙur'anan ƙasar Hausa illuminated ne. Na ɗauka fitila yake nufi. Ashe zayyana yake nufi, irin wadda mahaifina ke yi da jar tawada da rawaya da kore a farkon izu da wurin sujada. A Turai da zinare da azurfa suke ƙawata shafi har ya riƙa sheƙi, shi ya sa suka kira aikin haskakawa. Da na koma gida na faɗa wa Baba, ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya sa rubutun ya haskaka mana kabari.

Maman Khalifa, Unguwar Rogo:
Amin ya Allah. Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau bayan Isha'i an ɗauke wuta, sai na yi yadda Malam ya ce, na miƙa masa tocila ya haska ɗakin da kansa. Ya zauna ya rubuta: “The moon illuminates Shere Hills.” Ɗan Alaramma, yarona ya ce in roƙe ka ko Baba zai bar shi ya zo ranar Asabar ya ga yadda ake zayyana.