Neman shawara: kifin teku a falo, a zafin Katsina

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yayana ne ya bar mini tankin gilashi mai lita 120 da zai koma Legas, da kifayen ruwan gishiri guda biyu, irin masu ruwan lemo da farin ɗamara ɗin nan. Ni abin da na sani kiwon tarwada ne a bayan gida, nan Ƙofar Ƙaura. Sati uku ke nan. Ruwan yana raguwa kullum, sai in dama gishirin da ya bar mini in cike gurbin. Yanzu bakin gilashin ya yi farin ɓawo, ɗaya kifin ya mutu shekaranjiya, ɗayan kuma ya maƙale a kusurwa yana numfashi da sauri. Kayan da ke gare ni: matatar da aka rataya a baya, fitila, da ragar kamu. Me ya kamata in saya, kuma da wanne zan fara? Kuɗin ba su da yawa.

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, daga yau ka daina cikewa da ruwan gishiri. Ruwa ne kaɗai ke tashi sama, gishirin yana nan zaune. Duk cikon da ka yi, ƙara masa gishiri ka yi a kan na da. Mu nan iskarmu busasshiya ce, tanki buɗaɗɗe yana shan ruwa kamar randar ƙasa, to ka lissafa na sati uku. Ciko da ruwa zalla ake yi. Ruwan gishiri sai ranar canji, wato ranar da ka ɗebe wani da hannunka.

Abu na farko da za ka saya shi ne na'urar auna gishiri, rifraktomita. Kamar guntun tabarau take. Ka ɗiga ruwa biyu ko uku a kan gilashinta, ka rufe, ka ɗaga wajen haske ka leƙa, za ka ga inda shuɗi ya rabu da fari a kan lamba. Ana so ta tsaya tsakanin 1.024 da 1.026, wato kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, kamar ruwan teku. Akwai ta roba mai allura wadda ta fi araha, amma ɗan kumfa ya maƙale a allurar sai ta yi maka ƙarya. In ka auna ka ga lambar ta haura, kada ka sauko da ita rana ɗaya. Ɗebi lita uku ko huɗu, mayar da ruwa zalla, gobe ka sake aunawa. Saurin gyara ma yana kisa.

Mai tambaya:
Na gode Yaya. Ruwa zallan, na burtsatse ya yi? Shi nake amfani da shi.

Maman Sadik:
A'a Malam. Na burtsatse yana ɗauke da abin da ido ba ya gani, kuma tun da ruwan ke tashi ya bar su, taruwa suke yi. Na famfo kuma akwai kulorin. Ruwan da aka tace da injin RO ake so, wato injin da ke cire kusan duk abin da ya narke a cikin ruwa. Ƙaramin injin yana da ɗan tsada, kuma yana zubar da ruwa fiye da wanda yake tacewa, ni da wanda ya zubar nake ban ruwan shukokina. In ba hali, je wurin masu fiya wata da ke da injin RO ka roƙa su sayar maka a jarka, amma ka tafi da ɗan ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa, kamar biro yake, ka tsoma. In lambar ta kusa sifili ka ɗauka. Kuma in gishirin yayanka ya ƙare, don Allah kada a ce maka na miya ko kanwa za su yi. Na tanki haɗi ne na musamman, irin su Instant Ocean ko Red Sea, da sinadaran da ke cikin ruwan teku. Ka tanadi bokiti sabo wanda sabulu bai taɓa shiga ba, ka rubuta masa suna, in ba haka ba yara za su yi wanki da shi. Ya faru da ni.

Injiniya daga Daura:
Duk abin da suka faɗa haka ne, amma ni numfashin nan nake ji. Me ke faruwa da tankin in an ɗauke wuta? Ruwan gishiri bai kai na daɗi riƙe iska ba, in ya yi zafi kuma abin ya ƙara taɓarɓarewa. Tarwada tana hawowa ta shaƙi iska, shi ya sa ka saba ganin ta jure. Waɗannan ba su da wannan baiwar. In matatar tankin ta tsaya awa huɗu da tsakar rana a watan Afrilu, sai dai a yi ta'aziyya.

Ka nemi famfon iska mai batir yau ɗin nan, shi ne mafi araha cikin duk abin da za a lissafa maka. Sai ƙaramin injin kaɗa ruwa, ka karkata shi sama yadda fuskar ruwan za ta riƙa motsi. In kana da sola da inbata, ɗora su biyun a kai, ba su kai fanka cin wuta ba.

Sai ma'aunin zafi. Ana so ruwan ya zauna tsakanin digiri 24 da 27. A bazara da gari ke haura 40, ka janye tankin daga taga, ka rage awannin fitila, ka sa 'yar fanka tana busa saman ruwan. Tana saukar da zafi, sai dai ruwan zai ƙara raguwa, ka ga mun koma maganar Baban Hanifa. Da hunturu kuma, daren Disamba da Janairu, hita mai kashe kanta za ka buƙata. Injin sanyaya ruwa akwai shi, amma wannan sai ka yi kuɗi.

Alhajin Sabuwar Unguwa:
Ni dai in ka ji tawa, ka ba da kifin ka zuba na ruwan daɗi. Mu da ke ɗaruruwan kilomitoci daga teku, komai sai an yi oda.

Baban Hanifa:
Alhaji, da gaskiyarka wajen oda, amma kifi ɗaya a lita 120 ba abin gudu ba ne. Ƙanena, ƙara da kwalaben gwajin amoniya da naitirait da naitiret, sinadaran da dattin kifi ke haifarwa a ruwa. Na farko da na biyu dole su nuna sifili. In yayanka ya wanke duwatsun da matatar kafin ya ba ka, to ƙwayoyin bakteriya da ke cinye dattin sun mutu, kuma sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin su dawo. Kada ka ƙara kifi kafin nan, abinci kuma ɗan abin da zai cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Canjin ruwa lita 12 duk sati, da tiyon zuƙe datti daga yashi. Masu sayarwa za su tallata maka sikima, injin da ke kwashe datti ta hanyar kumfa. Yana da amfani, amma a wannan tankin zai iya jira.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Duwatsun ni na wanke su da kaina, da ruwan zafi, ranar da aka kawo. Na samo famfon batir wurin wani mai kiwon kifi, yanzu haka yana ta kumfa, kifin ya fito daga kusurwar. Na ɗebe lita uku. Maman Sadik, jarka nawa zan fara saye?

Maman Sadik:
Biyu masu lita 25. Ɗaya ta ciko, ɗaya ta dama gishiri, kuma ka dama tun daren jajibirin canji.