Jif mai fetur da lantarki ko mai lantarki zalla: wacce za ta iya da hanyar fadama?

Manomin Fadama, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota. Ina zaune a Birnin Kebbi, gonar shinkafata kuwa tana fadamar da ke gefen Argungu, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin man da jif ɗina ke sha ya zama babban kaso cikin abin da noman yake ci. Na yi niyyar sauya ta, amma na rasa wadda zan ɗauka tsakanin mai injin fetur da batirin da ake jonawa a yi caji, da kuma mai lantarki zalla wadda ba ta da tanki sam. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa gona rairayi ne da rani, laka ce da damina. Lokaci-lokaci nakan je Abuja ta Yauri da Kontagora. Ina da sola a gida.

Injiniyan Sola, Jega

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a yi maganar sunan mota, ya kamata a fara lissafin inda wutar za ta fito, domin a nan Kebbi shi ne yake yanke hukunci.

Batirin mota mai fetur da lantarki ƙarami ne. Na Toyota RAV4 Prime kilowat-awa 18.1 ne (kilowat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka), yana kai ta kusan kilomita 68 kafin injin ya karɓa, na Jeep Wrangler 4xe kuma 17.3 ne, amma saboda nauyinta da manyan tayoyinta bai wuce kilomita 35 ba. Irin wannan batirin soket ɗin gida yana cika shi cikin dare ɗaya. Jif mai lantarki zalla wadda aka ƙera don daji kuwa wani abu ne daban: batirin Mercedes G 580 kilowat-awa 116 ne, wanda ko da na'urar caji ta bango mai kilowat 7 zai ɗauki fiye da awa 16, a soket na yau da kullum kuma kusan kwana biyu, idan wutar ba ta ɗauke ba.

Solar da ka ambata ita ce abin dubawa. Farantai masu kilowat 5 suna ba da kimanin kilowat-awa 20 zuwa 25 a yini mai rana sosai, kuma daga ciki firji da fankoki da famfon ruwa za su ci nasu. Abin da ya rage zai iya cika ƙaramin batir, amma babban sai ya yi kwanaki yana jira. Akwai kuma matsalar da mutane ba sa hangowa, wato lokacin da rana take bayarwa shi ne lokacin da motar take gona, don haka ko dai ka ƙara batiran ajiya a gida, ko ka kafa farantai a can gonar. Game da tafiyar Abuja, wadda ta haura kilomita 600, ni ba zan ɗora iyalina a motar da ba a iya zuba mata mai daga jarka ba. Hukumar NADDC, mai kula da bunƙasa ƙera motoci a Najeriya, ta buɗe tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021, amma tashar gwaji ce, kuma ba a kan hanyarka take ba. Ra'ayina shi ne ka ɗauki mai fetur da lantarki.

Bakanike, Argungu

Na yarda da Injiniya, sai dai kada Alhaji ya ɗauka cewa ya tsira daga wahala. Mota mai haɗa biyun tana ɗauke da injin da ke buƙatar juyen baƙin mai da sauya filta, ga kuma batir mai ƙarfin wuta da ba kowane gareji ke iya taɓawa ba. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo a cikinta ba ta yaran gareji ba ce, domin tana iya kisa.

A rairayi da laka injin lantarki yana da kyau ƙwarai, saboda ƙarfinsa yana zuwa nan take ba tare da an taka totur sosai ba, amma rairayi yana zuƙe caji fiye da kwalta nesa ba kusa ba, kuma G 580 ɗin nan ta kai tan uku, wanda ke nufin idan ta kafe a fadama sai tarakta. A duba ƙasan motar a tabbatar akwai farantin ƙarfe mai kare batir. A kuma tambayi yadda ake sanyaya shi, domin a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, batirin da iska kaɗai ke sanyayawa, kamar na tsohuwar Nissan Leaf, yana saurin tsufa. Idan 'yar Kwatano za ka saya, ka lura da bakin cajin: na motocin Amurka daban, na Turai daban, na Sin daban. Wrangler 4xe kuma kamfaninta ya yi kiranye a kanta, wato ya nemi a mayar da motocin don gyara, a 2023 da 2024 saboda haɗarin gobarar batir, saboda haka a bincika lambar shasi a ga ko an yi gyaran.

Hajiya Mai Injin Casa, Birnin Kebbi

Ni ban ga dalilin da zai sa tafiyar Abuja ta lokaci-lokaci ta zaɓa wa Alhaji motar kullum ba. Idan tsohuwar jif ɗin tana da lafiya, ya ajiye ta don doguwar tafiya da tsakiyar damina, ya sayi matsakaiciyar mai lantarki zalla mai jan ƙafa huɗu, ba lallai sai ƙatuwa irin Mercedes ba. Zuwa Argungu da dawowa ya haura kilomita 100, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na hanyar ko fiye mai haɗa biyun fetur za ta sha, kuma duk ranar da ba a yi mata caji ba ta koma motar fetur mai jan nauyin batir a banza.

Manomin Fadama, Birnin Kebbi

Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, kuɗin sabuwar sai an sayar da tsohuwar za su cika, don haka mota ɗaya ce za ta yi duka ayyukan, kuma hakan ya karkata ni ga shawarar Injiniya. Injiniya, ina da farantan da ke tuƙa famfon ban-ruwa a gonar. Shin za a iya haɗa musu inbata, wato na'urar da ke mai da wutar sola irin ta soket, su riƙa yi wa motar caji da rana don in dawo gida da lantarki, ko kuwa sai an kafa wasu daban?