Neman kalma: "video analyst" da "game plan", shiri na gobe

Ɗan Rediyo: Salamu alaikum jama'a. Gobe da daddare ina da shirin wasanni a kan yadda masu horarwa ke amfani da bidiyo da na'urori wajen koya wa 'yan ƙwallo abin da za su yi a fili. Kalmomi biyu sun tsaya min a wuya, "video analyst" da "game plan". Ga kuma "tablet", wadda tun 2018 dokar ƙwallo ta yarda a riƙe ta a benci. A taimaka kafin azahar, edita na jira.

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Ta biyun dabarar wasa. Ta farko mai nazarin bidiyo. An gama.

Koci Fagge: Hajiya ba a gama ba. Dabara ta yi faɗi, yaro ya yanke mutum biyu ma dabara ce. Abin da ake nufi shi ne shirin da aka yi wa wasa ɗaya saboda abokin karawa ɗaya: wa zai riƙe wa, ta wane gefe za a matsa musu, wa zai tsaya jikin ƙarfe in za a bugo kwana. Mu a fili "tsari" muke cewa.

Ummu Hanan: In ya ce tsari, mai sauraro jerin 'yan wasa a fili irin 4-3-3 zai ji.

Koci Fagge: Wannan ai fomeshan ne.

Malam Bazazzagi: Inna lillahi. Fomeshan. Ni tun daga "bidiyo" na tsaya. Muna da majigi, me ya kai mu aro? Sannan "mai nazarin kaza" jan magana ne, Hausa na da hanyar gina sunan ma'aikaci: manomi, maɗinki, marubuci. Wanda ke warware wasa zare-zare tsefe shi yake yi. Matsefin wasa. Na daɗe ina ba da wannan shawara, ba a ji.

Sadauki_09: Allah ya gafarta Malam, matsefi ai yana gaban madubin Hajiya. Ka ji an ce Arsenal ta ɗauko sabon matsefi daga Jamus?

Ummu Hanan: Kuma majigin ma daga Turanci ya zo, Malam, daga "magic".

Malam Bazazzagi: Na sani, 'yata. Amma ya shigo tun zamanin Turawa, ya zama ɗan gida. Ku yaran yanzu duk abin da kuka ji a gidajen rediyon ƙetare shi ne Hausa. "Kociya". Wace irin kalma ce kociya?

Ɗan Maraɗi: Ku tuna ana jin tashoshinku har nan. Fomeshan da kwana duk Turancin Ingila ne, mu da Faransanci ya bi ta kanmu "balo" muke cewa, ba wanda ya tambaye mu. Kullum Kano ce ke yanke hukunci.

Sadauki_09: To Kano ce ke buga littattafan.

Malam Bazazzagi: A Zariya aka fara buga su, yaro. Je ka tambayi tarihin kamfanin ɗab'i na Gaskiya.

Ɗan Rediyo: Don Allah jama'a, sha ɗaya ta wuce.

Koci Fagge: Bari in faɗi aikin mutumin, sai ku ba shi suna. Yana kallon wasannin abokan karawa, ya yanko gajerun wurare, ya tura wa kowane ɗan wasa nasa a waya: ga ɗan gaban da za ka riƙe, kullum hagu yake juyawa. A 2017 koci Nagelsmann ya sa an kafa ƙaton allo a gefen filin atisayen ƙungiyarsa ta Hoffenheim a Jamus, ya tsayar da atisaye ya nuna wa yara kuskurensu nan take. A Janairun 2019, da aka kama ɗan leƙen asirin Leeds a wajen atisayen Derby, kocin Leeds Bielsa ya tara 'yan jarida sama da awa ɗaya yana nuna musu yadda ya bi wasannin Derby ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka an ci Leeds tarar fam 200,000. Amma ku lura, abin da ke isa ga ɗan wasa ba lallai bidiyo ba ne. Lehmann, golan Jamus, a 2006 'yar takarda mai bayanin masu bugawa ya cusa a safa ranar fanareti da Ajantina, ya tare na Ayala da Cambiasso. Pickford, golan Ingila, a 2024 a jikin gorar ruwa aka liƙa masa, ya tare na Akanji na Switzerland. Don haka ni dai a cire bidiyon gaba ɗaya. Mai nazarin wasa.

Ummu Hanan: Ba za a ɗauka mai sharhi ba ne, na talabijin?

Koci Fagge: Mai sharhi jama'a yake wa magana, wannan kuwa koci yake wa aiki. A ƙara "na ƙungiya" a karon farko.

Malam Bazazzagi: In dole sai nazari, to a ce manazarcin wasa. Ko ba komai an gina shi yadda ya kamata.

Ummu Hanan: Wannan kam na yarda, ya fi daɗin faɗa. Ɗayar kuma, tunda Koci ya ƙi dabara ni na ƙi tsari, a ce shirin tunkarar wasa.

Koci Fagge: Ba yaron da zai faɗi haka a fili. Amma a rediyo zai wuce.

Sadauki_09: Saura tablet. Allon hannu?

Koci Fagge: A'a, muna da allon hannu tuni, mai 'yan maganaɗisu da ake turawa.

Ɗan Maraɗi: Mu tabilet muke cewa. Ku ma haka kuke cewa in Malam ba ya kusa.

Ɗan Rediyo: Na gode ƙwarai. Na ɗauki manazarcin wasa da shirin tunkarar wasa. Ɗayar zan ce ƙaramar kwamfutar hannu sau ɗaya, daga nan tabilet. Na tura wa edita.

Malam Bazazzagi: Allah ya ba da sa'a. Matsefi dai bai mutu ba, zan kawo shi taro na gaba.